Digirin Adabin Ingilishi da Kimiyyar Harshe: Abin da Ake Zato da Abin da Ake Koya

Mafi yawan iyaye da ɗalibai a ƙasar Hausa suna ɗaukar digirin Ingilishi a matsayin shekaru huɗu na koyon zuba Turanci, wato yaro ya shiga jami'a da ɗan abin da ya samo daga sakandare, ya fito yana magana kamar mai karanta labarai a gidan rediyon Landan. Wannan zato shi ke sa wasu su nemi kwas ɗin da ɗoki, shi ne kuma ke sa wasu su raina shi, suna cewa ai Turanci ko a kasuwa ana tsintarsa, ba sai an ɓata shekaru a kansa ba. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa fannin gurguwar fahimta, domin sashen Ingilishi na jami'a ba ajin koyon harshe ba ne. Tun kafin a ɗauki ɗalibi an riga an ƙaddara cewa ya iya harshen gwargwadon da zai karanta littafi ya gane, ya kuma rubuta bayani da shi. Abin da ake ba shi a can horo ne a fannoni biyu da aka haɗa a sashe ɗaya, ko da yake halinsu ya sha bamban, wato adabi da kimiyyar harshe.

Adabi shi ne ayyukan fasaha da aka gina da harshe, waɗanda manazarta suka saba kasawa gida uku, waƙa da wasan kwaikwayo da rubutun zube, wanda ƙagaggen labari ya fi shahara a cikinsa. Mai nazarin adabi yana tambayar me wannan rubutu yake nufi, ta wace dabara ya taɓa zuciyar mai karatu, kuma ina matsayinsa idan aka jera shi da 'yan'uwansa, saboda haka aikinsa ba ya rabuwa da warware ma'ana da yanke hukunci. Kimiyyar harshe kuwa nazarin harshen ne shi kansa, yadda sautuka ke haɗuwa su ba da kalma, kalmomi su ba da jimla, jimloli su ɗauki ma'ana a bakin mutane, kuma sharaɗinta na farko shi ne mai nazari ya bayyana abin da mutane ke faɗa a zahiri, ya ajiye abin da yake ganin ya kamata su faɗa. A wurin masanin harshe, Turancin farfesa da na ɗan kamasho a tasha duka abin nazari ne, kowanne da ƙa'idojinsa. Ɗalibi kan fito daga lakcar ƙarfe takwas inda aka nemi ya auna waƙoƙi biyu ya faɗi wadda ta fi, ya shiga ta ƙarfe goma inda aka hana shi cewa wata magana ta fi wata, kuma iya riƙe waɗannan halaye biyu tare, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, shi ne ainihin horon da digirin ke bayarwa.

Wannan haɗi yana da tarihi, kuma tarihin bai kai tsawon da ake zato ba. Shekaru aru-aru jami'o'in Ingila ba su ɗauki adabin harshensu a matsayin abin da ya cancanci digiri ba, domin a ganinsu ilimi na ƙwarai yana cikin Latin da Girkanci, shi kuwa Shakespeare abin karantawa ne a gida lokacin hutu. A Sikotland aka fara buɗe ƙofa, inda a 1762 aka naɗa Hugh Blair a kan kujerar koyar da balaga da adabi a Jami'ar Edinburgh; Landan ta naɗa farfesan harshe da adabin Ingilishi a 1828, amma Oxford ba ta amince da digirin ba sai 1894, Cambridge kuwa sai 1917. Masu adawa a Oxford sun kafa hujja da cewa son waƙa ko ƙinta ra'ayi ne kawai, kuma ba a iya yi wa mutum jarrabawa a kan ra'ayi, saboda haka aka ɗora wa sabon digirin kaya mai nauyi na tarihin harshe da nahawun tsohon Ingilishi, don a samu abin da za a iya yi wa maki. Daga irin wannan sasantawa ne harshe da adabi suka gaji zama wuri ɗaya, har yau wasu jami'o'in Birtaniya suna sanya sunayen biyu a kan digirin, wanda ake yi cikin shekaru uku a Ingila, huɗu a Sikotland.

Akwai wani reshe na tarihin da ya fi kusa da Afirka. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka a Indiya takardar shawara cewa a karkatar da kuɗin da ake kashewa a kan karatun Sanskrit da Larabci zuwa karatun Ingilishi, don a raini wani rukuni na Indiyawa masu tunani irin na Turawa waɗanda za su zama tsani tsakanin masu mulki da talakawa. Masaniya Gauri Viswanathan ta nuna a littafinta na 1989 cewa adabin Ingilishi ya kafu a manhajar Indiya tun kafin ya samu gindin zama a manyan jami'o'in Ingila. Irin wannan manhaja ce ta iso Najeriya a 1948, lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan, sai dai abin da ya biyo baya ya saɓa wa lissafin masu tsarawa. Chinua Achebe yana cikin ɗaliban farko. Ya shiga don karatun likita, bayan shekara ɗaya ya koma Ingilishi da tarihi da addini, kuma a can ya karanta Mister Johnson, labarin da Joyce Cary, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Borgu, ya wallafa a 1939 ya kuma kafa shi a Arewacin Najeriya. Achebe ya sha faɗin yadda hoton ɗan Najeriya da ya gani a littafin ya dame shi, kuma yana cikin abin da ya zaburar da shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Horon karatun ƙwaƙwaf da aka ba shi don ya yaba littattafan Turawa shi ne ya ba shi idon ganin aibinsu.

Bayan shekaru goma, a 1968, malamai uku a Nairobi, Ngugi wa Thiong'o da Henry Owuor-Anyumba da Taban lo Liyong, suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi a kafa na adabi wanda zai sa Afirka a tsakiya, har da adabinta na baka, sauran adabin duniya kuma a dube shi daga nan. Wannan muhawara ta sauya manhajar nahiyar baki ɗaya. Ɗalibin da ya shiga sashen Ingilishi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, zai tarar da Shakespeare da Dickens suna nan, amma tare da su akwai Achebe, da Wole Soyinka wanda ya samu kyautar Nobel a 1986, da Zaynab Alkali mai The Stillborn na 1984, da marubutan baƙar fata na Amurka da na tsibiran Karebiyan. Sunan sashen bai canza sosai ba, amma ma'anar adabin Ingilishi ta tashi daga adabin mutanen Ingila ta koma adabin da aka rubuta da Ingilishi ko daga ina marubucin ya fito.

Hanyar shiga sananniya ce. Galibin jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Ingilishi da darasin adabi, sannan ɗalibi ya zauna jarrabawar JAMB, ya yi shekaru huɗu; mai takardar NCE ko IJMB kan fara daga aji biyu. Ya kamata a bambanta wannan da digirin koyar da Ingilishi da ake yi a tsangayar ilimi, wanda ke haɗa darussan sashen da dabarun koyarwa da koyarwar gwaji, a kuma bambanta shi da digirin kimiyyar harshe zalla, wanda ba ya tsayawa a kan Ingilishi kaɗai. A shekarun farko kowa yana ɗaukar ɓangarorin biyu, daga baya a jami'o'i da yawa ɗalibi kan karkata ga harshe ko ga adabi, ya rufe da kundin digiri a shekarar ƙarshe.

A ɓangaren adabi, ana soma wa ɗalibi da tarihi, kuma nan take yake gane cewa tarihin adabin da na harshen igiya ɗaya ce. Tsohuwar waƙar nan ta jarumta mai suna Beowulf, Baturen Ingila na yau ba zai iya karanta ta ba sai da fassara, domin Ingilishin wancan zamani ya fi kama da Jamusanci. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshen fada da na shari'a ya koma Faransanci na tsawon ƙarnuka, dubban kalmomi suka kwararo, har aka samu Ingilishin da Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya rubuta labaransa da shi. A 1476 William Caxton ya kawo injin ɗab'i, rubutun kalmomi ya fara daskarewa, alhali a daidai wannan zamani furucin dogayen wasula yana ta sauyawa a bakin mutane. Wannan ne babban dalilin da ya sa rubutun Ingilishi da furucinsa suka raba hanya, abin da ke wahalar da kowane ɗan makaranta. Haruffan suna riƙe da furucin mutanen da suka rasu shekaru ɗari biyar da suka wuce. Idan aka iso Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, harshen ya kusa kama da na yau, sai dai har yanzu yana buƙatar haƙuri da ƙamus.

Bayan tarihi sai ainihin sana'ar, wato karatun ƙwaƙwaf, wanda ke nufin tsayawa a kan kalmomin da ke shafi a tambayi dalilin kowace kafin a tsallaka zuwa rayuwar marubuci ko siyasar zamaninsa. I. A. Richards na Cambridge ya kafa wannan al'ada da wani gwaji da ya bayyana a littafinsa na 1929, inda ya riƙa ba ɗalibai waƙoƙi ba tare da sunan mawaƙi ba, ya gano cewa da zarar an ɗauke musu suna, da yawansu ba su iya gane ko zahirin abin da waƙar ke faɗa. A nan ɗalibin da ya taso a gidan karatun zaure yana da jari wanda sau da yawa bai san yana da shi ba, domin wanda ya taɓa jin yadda ake auna baiti da aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmad ya tsara, ya riga ya san cewa waƙa tana tafiya a kan ma'auni. Bambancin shi ne karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar na Larabci, yana dogara ne a kan nauyin gaɓa da rashin nauyinta, shi kuwa na Ingilishi yana dogara a kan ƙarfafawa, wato ɗaga wata gaɓa a furuci fiye da maƙwabtanta. Layin da Shakespeare ya fi amfani da shi yana da gaɓoɓi goma a jere biyu-biyu, ta farko sassauƙa ta biyu ƙarfafa, kuma wanda bai horar da kunnensa ga wannan ba zai karanta waƙar Ingilishi shekara da shekaru yana ganin hoto ba ya jin kiɗa.

Daga nan ake shiga mazhabobin tarke, wato hanyoyin da masana suka shimfiɗa na tunkarar rubutu: akwai masu duban rikicin masu dukiya da talakawa, akwai masu tambayar yadda aka zana mace da wanda aka ba damar magana, akwai kuma masu bin sawun mulkin mallaka, waɗanda littafin Edward Said na 1978 mai suna Orientalism ya ba su ƙarfi. Amfanin mazhaba shi ne ta nuna wa mai karatu abin da zai iya tsallakewa, haɗarinta kuwa shi ne ɗalibi ya haddace sunayenta ya riƙa liƙa su a kan kowane littafi ba tare da ya saurari littafin ba. Shafin ƙarshe na Things Fall Apart misali ne na abin da sauraro ke bayarwa. Bayan an bi Okonkwo, tauraron littafin, tun ƙuruciyarsa har zuwa rataye kansa, sai labarin ya fice daga cikin mutanensa na Umuofia ya shiga kan Baturen mulki, wanda ke lissafin cewa labarin wannan mutum zai iya cika babi, ko dai sakin layi ɗaya, a littafin da yake rubutawa. Achebe bai yi wa'azi ko kalma ɗaya ba. Sauya mazaunin mai ba da labari kawai ya yi, kuma da wannan ya nuna yadda ake taƙaita rayuwar al'umma a takardun masu mulki.

Ɓangaren kimiyyar harshe shi ne wanda ya fi ba sababbin ɗalibai mamaki, domin ya fi kama da lissafi fiye da hira. Tushensa na zamani yana komawa ga Ferdinand de Saussure na ƙasar Suwizalan, wanda aka tattara darussansa aka buga a 1916 bayan rasuwarsa, kuma shi ya koyar da cewa harshe tsari ne da kowane ɓangarensa ke samun ƙima daga bambancinsa da sauran. Ana farawa da ilimin furuci da tsarin sauti, inda ɗalibi ke koyon cewa Ingilishin da ake ɗauka a matsayin ma'auni a Birtaniya yana da sautuka 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali haruffan rubutunsa 26 ne kacal. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su ai da au, kuma gaɓarta ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkonta ba, shi ya sa kalmomin aro irin su birki da sitiyari suka samu wasali a tsakanin baƙaƙen da ke manne a Turanci. Haka nan rikita p da f da ake yi wa Bahaushe dariya a kai yana da dalili na kimiyya, wato a Hausa sautukan biyu ba sa bambanta ma'anar kalma, don haka kunnen da ya taso da ita bai saba ware su ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya daina jin kunyar bakinsa, ya kuma samu hanyar gyara furucinsa idan yana so, domin yanzu ya san inda leɓe da haƙori ke haɗuwa. Ya kuma gane cewa tsawon wasali, wanda ke raba garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, gata ne da Hausa ta ba shi wajen jin wasu bambance-bambancen wasulan Ingilishi da ke kuɓuce wa masu wasu harsuna.

Sai ginin kalma da ginin jimla, waɗanda almajirin Larabci zai gane su a matsayin 'yan'uwan sarfu da nahawu. A nan ne ake haɗuwa da Noam Chomsky na Amurka, wanda littafinsa na 1957 ya mayar da hankalin masana ga tambayar yadda yaro ke iya ƙirƙirar jimlolin da bai taɓa ji ba daga ƙa'idoji ƙididdigaggu, da kuma Michael Halliday na Birtaniya, wanda ya fi damuwa da aikin da jimla ke yi a tsakanin mutane, kuma a ƙarƙashinsa ne Ayo Bamgbose, farfesan kimiyyar harshe na farko a Najeriya, ya yi digirinsa na uku a Edinburgh. Bayan ilimin ma'ana akwai nazarin harshe a cikin mu'amala, inda masanin falsafa J. L. Austin ya nuna a littafin da aka buga a 1962 cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa. Wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya ga wannan da idonsa: waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, a gaban shaidu, kuma da fitar kalmomin aure ya ƙullu; amma da wani mai wucewa zai furta kalmomin nan daidai-wa-daida, babu abin da zai ƙullu, domin ba shi da matsayin faɗinsu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna siga da sharuɗɗanta, kuma ɗalibin da ya iya haɗa wannan da darasin Austin ya fahimce shi fiye da wanda ya haddace ma'anarsa daga littafi.

Walwalar harshe, wato nazarin yadda harshe ke sauyawa gwargwadon wuri da matsayi da shekarun masu magana, ita ce ke kawo tambayar da ta fi zafi a aji: shin akwai Ingilishin Najeriya, ko kuwa tarin kurakurai ne kawai? Braj Kachru ya kasa masu Ingilishi na duniya zuwa da'irori uku a 1985, ya sa Najeriya da Indiya a da'ira ta biyu, ta ƙasashen da harshen ya yi saiwa a gwamnati da makaranta har ya soma haifar da nasa ƙa'idoji. Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Lancaster a 1982 a kan bambancin furucin Ingilishi a Najeriya, David Jowitt ya wallafa littafinsa a kan yadda 'yan Najeriya ke sarrafa harshen a 1991, kuma a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood. Duk da haka malamin da ke duba takardar jarrabawa dole ya ja jan layi a wani wuri, kuma gano inda sabon salo ya ƙare kuskure ya fara aiki ne da ke buƙatar masanin harshe da mai hukunci a cikin mutum ɗaya.

Inda fannonin biyu suka fi haɗuwa shi ne nazarin salo, wato amfani da kayan aikin kimiyyar harshe wajen bayyana dalilin da ya sa rubutu ke yin tasirin da yake yi, kwatankwacin abin da balaga ke yi wa Larabci. Halliday ya ba da misali da ya shahara a 1971, lokacin da ya nazarci The Inheritors na William Golding, labarin wasu mutanen farkon duniya, ya nuna cewa yawancin jimlolin da ke ɗauke da tunaninsu ba su da karɓau, wato abubuwa suna motsi ne kawai ba tare da an ga wani yana aikata wani abu a kan wani ba, kuma ta wannan tsarin nahawu ne mai karatu ke jin rashin ƙarfinsu a gaban waɗanda suka zo suka gaje su. Mai adabi zalla zai ji wannan a jikinsa ya kasa nuna inda yake, mai nahawu zalla zai ƙirga jimlolin ya rasa abin da suke nufi. Saboda haka ɗabi'ar da ta yaɗu a tsakanin ɗalibai, ta mai harshe ya guje wa littattafan labari don suna da tsawo, mai adabi ya guje wa tsarin sauti don yana da alamomi, hasara ce ga kowannensu.

Babbar cutar da ke cin wannan digiri a yau ita ce rashin karanta littattafan su kansu. Littafi ya yi tsada, ɗakunan karatu da yawa ba su da isassun kwafi, aji ya cika har malami ba ya iya duba rubutun kowa da natsuwa, ga kuma taƙaitattun bayanai a handawut da intanet waɗanda ke ba ɗalibi jigo da sunayen taurari cikin shafi biyu. Da waɗannan ana iya cin jarrabawa, amma abin da digirin ke ginawa, wato haƙurin bin dogon tunani, da kunnen jin bambancin jimla da jimla, da iya kafa hujja a rubuce, ba ya samuwa sai ta zama da littafi daga bango zuwa bango, da yin rubutu ana gyarawa ana sakewa. Abin takaici ne ƙwarai a ga mai digirin Ingilishi wanda bai karanta cikakkun littattafai goma ba a shekaru huɗu, kuma laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, tunda da yawa sun fito daga makarantun da ba a taɓa miƙa musu littafin labari ba.

Wanda ya yi karatun da gaske yana da ƙofofi da dama: koyarwa, wadda ke buƙatar ƙarin takardar horon malanta, da aikin jarida, da gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, da hulɗa da jama'a, da aikin gwamnati, da kuma sabon fagen shirya bayanan harshe don kwamfuta ta iya ji da fassarawa. Helon Habila, ɗan Kaltungo da ya karanta Ingilishi a Jami'ar Jos, ya bi ta aikin jarida kafin ya ci kyautar Caine a 2001. A Nijar, inda ɗaliban sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni ke isowa ga harshen ta kan Faransanci, dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, abin da ke ƙara buƙatar masu iya tsayawa a tsakanin harsunan.

Fassara ce fagen da ya fi jiran irin waɗannan ɗalibai, kuma a nan ne kuskuren ajiye Hausa a ƙofar sashe ke bayyana, domin mai fassara yana buƙatar kunnen adabi da idon nahawu a harsuna biyu. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da labarin George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Ta ɗaya ɓangaren, Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Ingilishi a 1967, a 2012 kuma Aliyu Kamal, malami a sashen Ingilishi na Jami'ar Bayero, ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka buga shi a Indiya. Daga shekarun 1980 zuwa yau marubutan Kano da Kaduna da sauran garuruwa, mata da maza, sun fitar da ɗaruruwan littattafan Hausa, kuma waɗanda suka tsallaka zuwa Ingilishi ba su taka kara sun karya ba. Kundin digiri da ya ɗauki babi ɗaya daga cikinsu ya fassara, ya kuma bayyana dalilin kowane zaɓi da ya yi, ko wanda ya naɗi Ingausar matasa a wani layi na Sabon Gari ya fitar da ƙa'idar inda suke sauya harshe a cikin jimla, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan sake maimaita jigon littafin da ɗalibai dubu suka riga suka rubuta a kansa.